Hannun da Ya Narke a Jakata

Litinin, 7 ga Oktoba

Ranar Juma'a aka yi wa Mamãe, mahaifiyata, ƙarin ruwan maganin ciwon daji na ƙarshe. Wata shida ke nan muna kan hanya tsakanin ƙauye da asibitin São Luís. Yau ta ci rabin kwanon dambun masara, ba ta yi amai ba. Ta ce in taɓa kanta in ji, gashi ya fara tsirowa. Na taɓa. Kamar bayan ɗan tsako.

Saura aikin fiɗa. Ranar Alhamis za mu ga likitar.

Kowa na murna. Ni na kasa.

Talata, 8 ga Oktoba

Dona Eulália maƙwabciyarmu ta shigo da hantsi. Ba na son kallon hannunta, kuma ba na iya daina kallo. Shekarun baya aka yi mata irin aikin da za a yi wa Mamãe, aka kwashe mata duk kaluluwar hammata, tun daga nan hannun ya kumbura bai sake saɓewa ba. Daga kafaɗa har yatsu kamar kututturen ayaba. An ce a da babu macen da ke kama ƙafarta wajen fasa ƙwarar babasu, 'yar kwakwar nan mai tauri da ake matse mai daga ƙwayarta. Yanzu da hagu take tsince wa wasu ƙwaya.

Ta ce wa Mamãe, "Delzuita, nono su ɗauka, ya gama aikinsa. Hammata ce kar ki bari su taɓa."

Mamãe ta ce, "Ji ki, sai ka ce ni zan riƙe wuƙar."

Suka yi dariya. Amma bayan ta fita na ga Mamãe tana buɗe tafin hannunta na dama tana rufewa. Ciwon a dama yake. Da wannan hannun take riƙe kulki. Ta danne gatari da ƙafa, bakinsa sama, ta ɗora ƙwara a kai, ta buga. Tun da Papai, babana, ya tafi haƙar zinari bai waiwayo mu ba, wannan hannun ne abincinmu, shi ne takalmin makarantata.

Abin kunya: da can auduga nake cusawa a kunne in ina karatu, saboda ƙarar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun safe. Har na taɓa ce mata ta koma bayan gida. Wata shida ke nan ban ji ƙarar ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun ga Likita Marlene. Doguwa ce, tana magana da sauri, amma tana kallon mutum a ido. Zan rubuta abin da ta ce yadda na fahimta, don Vó Zulmira za ta tambaye ni, kuma kakata ba ta yarda da amsa rabi.

A hammata akwai 'yan ƙwayoyin kaluluwa da yawa, suna tace ruwan da ke fitowa daga nono da hannu. In ciwo zai bazu, akwai waɗanda yake fara isa gare su, kamar gidajen bakin hanya. Kafin a fara magani an sami ciwon a guda ɗaya, shi ya sa aka saka masa ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa don a gane shi. Yanzu magani ya yi aiki, ba a jin komai da hannu, hoto ma bai nuna komai ba. To ranar aiki za a yi mata allurar wani ruwa shuɗi da wani da na'ura ke ji, su bi hanya su nuna na farko-farkon. Za a cire aƙalla uku, har da mai ƙarfen, a duba su tana barci. In babu ciwo, a bar sauran. In akwai, ko aka kasa gano su yadda ya kamata, sai a kwashe duka.

Duka. Irin na Dona Eulália.

Tun a mota Mamãe ta ce, "Juci, ke ce mai karatu. Ki gaya mata da hannun nake ci, ki tambaye ta da kyau." Na shirya maganar, har na maimaita a zuciyata. Likita ta ce, "Akwai tambaya?" Mamãe ta zungure ni da gwiwar hannu. Na buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ina ta kallon takalmin likitar, fari ne, da ɗan tabo a gefe.

A waje Mamãe ta ce, "Bakin naki a gida kika baro shi? Ko aku na saka a makaranta da ya ce wani abu." Ta yi dariya don kar in ji zafi. Na ji.

An sa ranar aiki, ashirin da takwas ga wata.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Mun kwana gidan Tia Creuza, ƙanwar Mamãe. Da safe muka hau bas zuwa Ribamar, cocin São José na bakin teku.

Vó ta yi wa São José, waliyyin cocin, bakance: in 'yarta ta tashi, za a kai masa nono na kakin kyandir, yadda mutane ke kai siffar gaɓar da ta warke. Ita ba ta iya tafiya mai nisa, ni ta ɗora wa sayen. A ƙofar rumfar da ake sayar da su sai Mamãe ta riƙe ni ta ce, "Ba nono za ki saya ba. Hannu. Na dama. Kakarki ta roƙi abin da take so, ni ma in roƙi nawa." Ta ce kar in nuna mata, in ajiye har sai buƙata ta biya. Ta juya baya tana kallon teku.

Rumfar cike take da ƙafafu da kawuna da zukata da 'yan gidaje, duk ruwan ɗorawa, suna rataye. Tsohon mai rumfar ya ce, "Me ke ciwo, 'yar makaranta? In saurayi ne ga zuciya, biyu ma zan ba ki." Na ce hannu, a hankali har sai da ya kawo kunnensa. "Hagu ko dama? Kar ki ruɗa waliyyi, aiki ya yi masa yawa." Ya zaɓo mini wani siriri mai kyau, har da farce. Tsawonsa bai fi tafin hannuna biyu ba. Na naɗe shi da rigar makaranta na sa a jaka.

Ni na san kaki ba shi da haɗi da kaluluwa. Ni ce ta ɗaya a darasin halittu. Na saya ne don ita.

Asabar, 12 ga Oktoba



A bas ɗin dawowa kujerar baya muka samu, kan inji. Na ajiye jaka a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ga zafin rana, ga tafiyar wuni. Ban yi tunani ba. Da muka iso na shiga ɗaki na buɗe. Ya yi laushi, littafin halittu ya danne shi. Ya baje daga gwiwa zuwa wuyan hannu, yatsun sun manne da juna sun yi ɓul-ɓul. Ya riga ya sake daskarewa a haka.

Sak hannun Dona Eulália. Sak.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na tura shi cikin jinkar ɗaki, saman inda nake ɗaura ragar kwanciyata. A coci ban ji ko kalma ɗaya ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Zafi ne ya narkar da shi. Zafi da nauyin littafi. Sau nawa zan rubuta wannan?

Na ari wayar Tainá ƙawata a lokacin tara, na yi ta karatu, da ma ban yi ba. Wai bayan an sha maganin daji hanyoyin hammata kan toshe ko su canja, sai ruwan shuɗin ya bi wata hanya, ya nuna ƙwayar da babu komai, alhali ciwon na maƙale a wata. Shi ya sa suke cire uku ko fiye, shi ya sa suke neman mai ƙarfen. To in an yi kuskure fa? A bar mata hannu, a bar mata ciwo?

Yanzu ban san abin da zan roƙa ba. In na ce a bar mata, tsoro. In na ce a kwashe, tsoro. Ni dai ita nake so, ko da hannu ɗaya ne. Amma ba zan iya faɗa mata haka ba, don na ga yadda take kallon gatarinta a jingine.

Tainá ta ce, "Ke wai kuka kike yi ko mura?" Na ce mura.

Asabar, 19 ga Oktoba

Matan ƙungiyar Mamãe sun zo fasa ƙwara a ƙarƙashin mangwaronmu, abin da suka samu nata ne. Haka suke yi wa duk wadda ta kwanta. Mamãe na zaune a kujera tana ba da umarni kamar mai gona.

Ban san me ya shiga kaina ba, na ɗauko gatarinta na zauna. Rabona da shi tun ina ƙarama. Bugun farko ƙwarar ta yi tsalle ta kusa samun kaza. Na biyu na sami babban yatsana.

Dona Eulália ta ce, "Wayyo, hannun biro! Ku kawo mata matashi."

Wata ta ce, "Ku bar likitarmu, hannun allura ne."

Mamãe ta ce, "Ba ƙarfi ba ne, sakarya. Juya ta ki nemi jijiyarta. Ƙwara ita ke gaya miki inda za ta buɗe."

Na fasa 'yan kaɗan, duk ƙwayoyin sun farfashe. Abin da na yi a wuni Mamãe kafin kofinta ya huce take yin sa. In hannunta ya tafi, nawa ba zai maye ba. Yau na tabbatar.

Talata, 22 ga Oktoba

Na jira kowa ya fita, na sauko da shi na kara a bakin murhu ko zan gyara. Gefe ɗaya ya fara ɗiga, ɗan ƙaramin yatsan ya lanƙwashe. Ya fi da muni. Na mayar.

Da ma nono na saya kamar yadda Vó ta ce. In ya narke, ai da ma cire shi za a yi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kafin mu hau mota na durƙusa na ce, "Sa mini albarka, Vó." Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta riƙe kaina ta ce, "Kin sayi abin waliyyin?" Na ce na saya. Ba ta tambayi wane abu ba.

Mamãe ta shafa wa gatarinta mai, ta naɗe shi da buhu. 

Litinin, 28 ga Oktoba

Zan rubuta duka, tun ina iya tunawa.

Da sassafe aka kai ta wani ɗaki aka yi allurar da na'ura ke ji. Ta ce ta fi cizon rina zafi. Aka sa mata rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, tana ta riƙewa tana cewa Tia Creuza ta tsaya a bayanta kar ta ba mutanen birni kyauta. Da aka zo tura gadon sai ta kama hannuna da hannun daman ta matse. Ƙarfinsa har yanzu kamar na namiji.

Sai ga Likita Marlene za ta wuce, ta riga ta sa hula. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji muryata tana cewa, "Likita, don Allah." Ta tsaya.  Na ce, "Mamãe da hannun nan take ci da mu. Babasu take fasawa." Ta ce, "Nuna mini yadda take yi." A nan cikin baranda, gaban mutane! Na tsuguna, na ɗaga hannu sama na sauke, na sake. Kunya kamar in nutse. Ta kalli kafaɗata da kyau, ba ta yi dariya ba.

Sai na tambayi wadda ta fi cin raina. Na ce, "In shuɗin ya bi wata hanya fa? In ba ku ga mai ƙarfen ba?"

Ta ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Na ce karantawa na yi. Ta ce, "To gaskiya kika karanta. Shi ya sa ba na dogara da abu ɗaya. Ki ji, ba zan yi miki alkawarin hannu ba. Abin da zan ce shi ne, ba zan cire ko ɗaya da ba dole ba, kuma ba zan bar wanda nake shakka ba. Ya sunanki?" Na ce Jucilene. Ta ce, "Je ki ci wani abu, Jucilene, fuskarki ta fi ta mamanki fari."

Tia Creuza ta ce, "Ashe kina da murya! Yau sai ruwan sama."

Jira. Ba zan iya kwatanta shi ba. Tia tana jan carbinta, ni ina kallon ƙofa. Duk wanda ya fito sai in miƙe tsaye. Ina ta ganin abin da ke cikin jinka.

Bayan azahar likita ta fito. An cire nonon. A hammata ƙwayoyi huɗu ta cire, mai ƙarfen na cikinsu, ta ga ƙarfen a hoto da idonta. An duba su da gaggawa, ba a ga ciwo ba, don haka ta bar sauran. Tia ta fashe da kuka. Sai likita ta ɗaga hannu ta ce duban gaggawa ba ya ganin komai da komai. Za a yanka su siri-siri a duba a tsanake, sai nan da mako uku. In aka ga wani abu, za a sake zama, wataƙila a koma hammatar.

Wato ba a gama ba.

Da aka fito da Mamãe fuskarta ta yi wani toka-toka mai shuɗi, na tsorata, nas ta ce ruwan allurar ne. Da ta buɗe ido ba ta tambayi nono ba. Ta kalli hannunta ta motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta koma barci.

Talata, 29 ga Oktoba

Mamãe ta yi fitsari kore shar. Ta ƙwala mini kira daga banɗaki, "Juci, zo ki ga, na zama aku!" Matar gadon kusa, wata tsohuwa daga Caxias, ta ce, "Ki tara a kwalba, 'yar uwa, ki rina labule." Suka yi ta dariya suna riƙe ɗinki suna cewa wayyo.

Na yi dariya ni ma. Sai na tuna mako uku.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gidan Tia. Yau ranar ziyarar matattu, kowa ya tafi maƙabarta da furanni, ni na ƙi fita. Ba na son jin ƙanshin kyandir.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Jiya aka cire robar da ke zuƙe ruwa. Yau da safe na ga hammatar ta tasa kamar ƙwai. Na ce shi ke nan, ya fara. Na matsa sai da muka koma asibiti. Nas ta zuƙe da sirinji ta ce ruwa ne ya taru, yana faruwa, ba shi ne kumburin da nake tsoro ba. Ni na tambaya, da bakina, har sau biyu.

Duk da haka in Mamãe na barcin rana nakan tsaya in gwada hannayenta biyu da ido.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun dawo gida. An koya mata motsa hannu: ta fuskanci bango, yatsunta su riƙa hawa kamar gizo-gizo. Inda ta tsaya sai in ja layi da gawayi. Dona Eulália ta naɗa kanta shugabar aikin, kullum da safe tana nan.

"Sama, raguwa! Ko jikata ta fi ki."

"Ke kin taɓa yi ne?"

"Da an koya mini da ban zama haka ba. Sama!"

Ta faɗe shi da wasa, amma ba wanda ya yi dariya.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ta gani.

Na dawo daga makaranta na same su su uku a tsakar gida, abin na kan tebur. Wai Mamãe ce ke gwada ko hannunta zai kai jinka, ta ɗauki tsintsiya tana kakkaɓe yana, ya faɗo. Na tsaya a ƙofa.

Vó tana shafa shi tana cewa, "Wannan wane irin nono ne mai yatsu?"

Dona Eulália ta ɗauka ta kara da nata hannun. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanda ya yi wannan ya san ni." Ta fashe da dariya har da hawaye, ban san ko duka na dariya ba ne.

Ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Na faɗi komai, bas, inji, littafi, murhu. Na ce tun ranar nake ganin kamar an riga an ba mu amsa.

Mamãe ta ce, "Wata guda kina kwana a ƙarƙashin wannan ke kaɗai?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Duk karatun nan naki, Juci." Ba da faɗa ba. Ta ce in ɗora ruwa, kar ya tafasa, ya yi ɗumi sosai dai. Ta sa shi a ƙwarya ta bar shi ya yi laushi, sannan ta ɗora a cinyarta ta fara murzawa da tafin hannu kamar mai murza ƙullu. Da daman. Na ga tana cije leɓe, ɗinkin na ja, na ce ta bari in yi. Ta ce, "Hannuna ne, ni zan gyara abina." Ta raba yatsun da bayan cokali.

Bai koma kamar da ba. Ya yi tsawo, ya ɗan karkace, duk jikinsa shaidar yatsunta. Ta ɗaga ta ce, "Yanzu ma ya fi kama da nawa. Wancan na matar gwamna ne."

Vó ta ce ita fa nono ta yi alkawari, kar a ja mata rigima da waliyyi. Mamãe ta ce, "Mamãe, nonon ai yana São Luís, ya je ya karɓa a can." Vó ta jefe ta da bawon lemo.

An ajiye shi a kan kanta kusa da hoton waliyyin, a fili. Ban ce tsoron ya tafi ba. Amma yau na ci abinci.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gobe. Na sa shi a kwali, kwalin a kan cinyata har São Luís. Kujerar gaba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Babu ciwo. Duka huɗun. A mai ƙarfen ma tabo kawai aka gani, inda ciwon ya zauna magani ya cinye shi. Ba za a koma hammatar ba.

Na sa likita ta maimaita. Ta ce, "Jucilene, ko in rubuta miki a goshi?"

Ta ce saura aikin gasa wurin da hasken na'ura, makonni a nan birni, har da hammatar, kuma shi ma yana iya sa hannu ya ɗan kumbura, don haka a riƙa lura, a kiyaye rauni, in an ga canji a zo da wuri. Ba a ce ba zai taɓa faruwa ba. An ce da wuya. Mamãe ta ce, "Yaushe zan ɗauki kulki?" Likita ta ce ba yanzu ba, in lokaci ya yi a fara kaɗan-kaɗan. Mamãe ta ce, "Kaɗan ɗinku ko kaɗan ɗinmu?" Likita ta nuna ni ta ce, "Kaɗan ɗin wannan."

A waje Mamãe ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da hannu biyu. Tun da aka fara wannan abu ban ga kukanta ba sai yau. Na zauna kusa da ita, na riƙe kwalin.

Talata, 19 ga Nuwamba

Mun kai shi Ribamar. Ɗakin da ake ajiyewa cike yake da hannaye, duk sumul, duk iri ɗaya. Namu ne kaɗai karkatacce. Mamãe ta miƙa da kanta ta ɗora a kanta ta sama, sai da ta yi ɗage. Ya wuce layin gawayinta na ƙarshe, na lura.

Na sayi ɗan ƙaramin nono ma, saboda Vó. Tsohon ya gane ni. Ya ce, "Har yanzu ba zuciya?" Na ce masa tawa lafiyarta ƙalau. Ni na faɗi haka. Tia ta kusa faɗuwa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na daɗe ban rubuta ba. An gama gashin na'urar tun watan jiya, fatar ta yi baƙi ta saɓule ta warke. Hannun yana nan yadda yake. Ina dubawa har yanzu, amma ba kullum ba.

Yau da safe ina bitar darasi, an ɗauke ruwa, sai na ji. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. A hankali, ba irin na da ba. Sai muryar Dona Eulália, "Haka ake yi? Matsa in nuna miki da hagu." Sai ta Mamãe, "Je ki tsince ƙwayarki, tsohuwa."

Rabin kwando na yarje mata, daga nan zan fita in karɓe kulkin, ko ta yi faɗa.

Na matsar da teburina kusa da taga. Saboda haske ne. Audugar tana nan cikin gwangwani, ban sa ba. Mantawa na yi, ina ga.